Coci da Talaka a Ƙasar Muri, Daga 1904 Zuwa Yau

Jalingo ba tsohon birni ba ne irin Kano ko Katsina ko Wukari. A 1893 ne Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa shi, ya mai da shi mazaunin sarauta. A ranar 27 ga Agusta 1991 kuma, da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanko Jihar Taraba daga tsohuwar Gongola, garin ya zama babban birnin jiha. Wanda ya zaga shi a yau, daga Mile Six zuwa Magami, daga Mayo Gwoi zuwa Nukkai, zai ga masallaci da majami'a suna kallon juna a unguwa guda. A nan United Methodist suka kafa hedkwatarsu ta ƙasa, a nan kujerar bishop ɗin Katolika take, ga CRCN da ECWA da Anglika da Baptis da LCCN, ga majami'un Fentikos birjik.

Amma jihar da wannan gari yake shugabanta tana cikin mafi talauci a Nijeriya. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 ya nuna kashi 87.7 cikin ɗari na mutanen Taraba suna rayuwa ƙasa da ma'aunin talauci, wanda a lokacin aka yanke shi a kan naira 137,430 ga mutum guda a shekara. Sakkwato ce kaɗai ta sha gabanta, ita ma da ƙiris. Ƙasa mai Binuwai da Taraba da Donga, mai doya da shinkafa da shanu da ganyen shayi na Mambila, ita ce ke wannan matsayi. Dole mai hankali ya tambaya: a shekara ɗari da ashirin da coci ya yi a wannan yanki, me ya tsinana wa talaka? Tarihi ya nuna ya yi abin a zo a gani duk lokacin da ya damƙa wa talaka abin da ba a iya ƙwace masa, wato karatu da lafiya da sana'a. Ya kuma nuna cewa ciyar da mai yunwa ya fi zuwa wa coci da sauƙi a kan tsayuwa gaban azzalumi, musamman in azzalumin ɗan gida ne.

Ƙasar da mishan suka tarar

An kafa masarautar Muri a 1817 a hannun Hammaruwa, ɗan'uwan Buba Yero na Gombe, cikin guguwar jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ƙasa ce ta al'ummu da yawa: Mumuye da Jukun Kona da Wurkun da Jenjo da Yandang da Bandawa, ga Fulani masu sarauta da makiyaya, ga Hausawa fatake. Kamar yadda yake a sassa da dama na Afirka a wancan ƙarni, yaƙi da kamun bayi na cikin hanyoyin tara dukiya da ƙarfi, kuma al'ummu da yawa sun haye duwatsu don su tsira da 'ya'yansu. Wanda ya hau dutse ya tsira da ransa, amma ya bar wa wani fadama mai albarka, ya koma noman tsandauri.

Abin da ya faru da Kona a ƙarshen 1892 ya isa misali. Garin na Jukun ya daɗe yana gagarar Muri, sai da wani hafsan sojan ruwa na Faransa, Louis Mizon, ya kawo wa Sarki Nya igwa da bindigogi don neman gindin zama a Binuwai. Aka ci garin, aka kwashi mutanensa bayi. Bature ne ya harba igwar, kuma wannan ya kamata a riƙa tunawa duk lokacin da aka ce Turawa sun zo ne don su hana zalunci.

Da Ingilishi suka karɓe ƙasar a farkon ƙarni na 20, Gwamna Lugga ya yi doka cewa duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, ba bawa ba, aka kuma hana kasuwar bayi. Sai dai bautar kanta ba a soke ta ɗungurungum a Arewa ba sai 1936. Mulkin mallaka ya zo da nasa nauyin: haraji da kuɗin Bature, dako, aikin hanya na dole. Ya ɗora al'ummun duwatsu a ƙarƙashin hakimai da alƙalan En'e waɗanda sau da yawa ba sa jin harshensu. 'Yan makarantun da gwamnati ta buɗe kuwa, galibi 'ya'yan sarakuna da masu faɗa a ji aka yi wa tanadinsu.

Ba kufai mishan suka tarar ba ta fuskar tausayi. Musulmi suna da zakka da sadaka da makarantar allo, manoma suna da gayya, dangi suna riƙon maraya. Amma akwai waɗanda duk waɗannan ba su kai gare su ba: yaron da aka ƙwato daga hannun fataken bayi bai san garinsu ba, kuturun da aka yi wa bukka a bayan gari, macen da naƙuda ta yi wa gardama a ƙauyen da ba likita. A wajen irin waɗannan ne coci ya fara samun wurin zama.

Gidan 'yantattun bayi

A 1904 ne ayarin farko na ƙungiyar Sudan United Mission, wadda aka fi sani da SUM, ya iso. Mutum huɗu ne: shugabansu Karl Kumm ɗan Jamus, da Dakta Bateman, da John Burt, da Lowry Maxwell. Sun fara sauka a Wase, daga baya Ibi da ke bakin Binuwai ta zama cibiyarsu, suka buɗe tasha a Wukari a 1906, Donga ta biyo baya. Kumm bai ɓoye manufarsa ba: yana so ya jera tashoshin mishan daga Neja har Nilu don ya tare yaɗuwar Musulunci zuwa kudu. Gwamnatin mallaka kuwa, saboda alkawarin da Lugga ya yi wa sarakuna cewa ba zai taɓa addininsu ba, ta hana mishan shiga garuruwan Musulmi. Wannan hani shi ya tura su wajen mutanen duwatsu da na bakin kogi, wato wajen waɗanda hukuma ta fi mantawa da su.

Babban aikin jinƙai na farko da SUM ta ɗauka shi ne riƙon yaran da aka 'yanto. Sojoji da 'yan doka kan tare ayarin masu safarar bayi, su ƙwato yara ƙanana waɗanda ba su san hanyar gida ba, wasu ma ba su san sunan garinsu ba. Gwamnati ta tara irin waɗannan a gidan da ta gina a Zungeru, amma riƙon ya yi mata nauyi. A 1909 SUM ta buɗe gidan 'yantattun bayi a Rumasha, a gaɓar Binuwai, ta sa masa sunan Lucy, matar Kumm wadda ta rasu a 1906, aka kwaso yaran Zungeru aka kawo. Daga baya gidan ya koma Wukari, inda ya ci gaba har aka rufe shi a 1925, lokacin da safarar yara ta ja baya.

A gidan an koya wa yaran karatu da rubutu, da noma da ɗinki da aikin kafinta, aka kuma raine su cikin addinin Kirista. Masu sukar mishan suna cewa yaran ba su da zaɓi a kan addinin da aka ba su, kuma maganarsu tana kan hanya. Duk da haka, yaron da jiya ake taya shi kamar akuya a kasuwa, yau ya iya karanta takarda, ya iya sana'ar da zai ci abinci, ya yi aure ya kafa gida da sunansa. Daga cikinsu aka sami masu bishara da malamai da tafintoci na farko a yankin. A Donga aka kafa ikilisiyar farko ta 'yan ƙasa a ƙarƙashin SUM, a 1917.

Lupwe da Bambur

Tashoshi biyu ne suka fi barin tarihi a ƙasar da ta zama Taraba. Ta farko Lupwe, kusa da Takum, inda wata Ba'amurkiya mai suna Johanna Veenstra ta zauna tun farkon shekarun 1920. Ta buɗe makarantar kwana da ɗakin shan magani, ta riƙa zaga ƙauyukan Kuteb da Jukun da Chamba, har ta rasu a asibitin Vom a 1933. Ikilisiyarta ta Amurka ta karɓi aikin a 1940, daga nan CRCN ta tsiro, mai hedkwata a Takum.

Ta biyu Bambur, a ƙasar Wurkun da ke Ƙaramar Hukumar Karim Lamido a yanzu. C. W. Guinter, wanda ya zo tun 1906 ya yi shekaru a Wukari, shi ya haura can a 1923 tare da Ira McBride. Daga Bambur aikin ya bazu cikin duwatsun Muri, ya ƙetare Binuwai zuwa ƙasar Mumuye a Zing, ya shigo Jalingo. Asibitin da aka gina a Bambur don tunawa da Guinter ya zama matattarar marasa lafiya daga nesa da kusa, Kirista da Musulmi da masu bin addinin gargajiya, a zamanin da mutum kan yi tafiyar kwanaki a ƙasa ko a kwalekwale kafin ya ga likita. Gyambon da ya ci ƙafar manomi shekara da shekaru aka wanke shi ya warke, ya koma gona. Mace ta haihu lafiya a hannun ungozomar da aka horar. Ga iyalin da ƙarfin jiki ne kaɗai jarinsu, samun lafiya shi ne matakin farko na fita daga fatara.

Karatu kuwa ya fi magani nisan zango. Mishan na son kowane mai bi ya karanta Littafi Mai Tsarki da kansa, don haka kusan kowace majami'ar ƙauye ta zama aji. Da yake harsunan yankin suna da yawa, Hausa aka ɗauka, musamman bayan fitowar cikakkiyar fassarar Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dakta Walter Miller na Zariya ya yi wa jagora. Shi ya sa har gobe Bamumuye da Bawurkune da Bajukune kan haɗu su yi sujada da Hausa. Wanda ya iya karanta Bishara ya iya karanta takardar haraji, ya gane ko an ƙara masa. Ya iya rubuta ƙara zuwa ga Joji ko Razdan. Ya iya duba sikeli ranar sayar da gyaɗa ko auduga. 'Ya'yan waɗannan masu karatun dare su ne suka zama malaman makaranta da malaman asibiti da akawuna, kuma daga cikin irinsu ne a faɗin tsakiyar Nijeriya aka sami waɗanda suka kafa ƙungiyar Middle Zone League, da jam'iyyar UMBC a shekarun 1950, suka kai koken ƙananan ƙabilu gaban Kwamitin Willink a 1957 da 1958.

Turawan da aka ambata sunayensu ba su kai yawan yatsun hannu ba a kowace tasha. Nauyin aikin ya hau kan 'yan ƙasa ne: mai bisharar da ke noma gonarsa da safe, ya koyar da yara da yamma, ya raba ƙwayar zazzaɓi, matarsa kuma ta tara matan ƙauye tana koya musu tsabta da renon jarirai. Yawancinsu ba a rubuta sunayensu a littattafan mishan ba, amma su ne suka kai karatu inda mota ba ta zuwa.

Ikilisiya ta koma hannun 'yan ƙasa

A 1955 ikilisiyoyin da SUM ta haifa suka haɗu suka kafa Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan, TEKAS, wadda ta zama TEKAN. Reshen Bambur shi ake kira Lardin Muri a lokacin, kuma da uwar ikilisiyarsa ta Amurka ta haɗe da Methodist a 1968, sai ya bi sahu, har ya zama United Methodist ta Nijeriya. Katolika kuwa ta shigo ta hannun limaman ɗariƙar Augustine daga Ailan, waɗanda suka iso lardin Adamawa a 1940. Yola ta zama dayosis a 1962, Jalingo da Kona da Zing duk suna ƙarƙashinta. Su ma makaranta da asibiti suka sa a gaba.

A shekarun 1970, da kuɗin man fetur ya shigo, gwamnatocin soja suka karɓe makarantu da asibitocin mishan, aka kuma ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976. Hujjar gwamnati mai ƙarfi ce: ilimi da lafiya haƙƙin ɗan ƙasa ne, bai kamata su rataya a kan addinin mutum ba, kuma iyaye Musulmi da yawa sun ƙi kai 'ya'yansu makarantar mishan don gudun a sauya musu addini, abin da ya bar su a baya. Asibitin Bambur ya koma na gwamnati. To amma da farashin mai ya faɗi, aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, sai magani ya ɓace daga asibitoci, albashin malamai ya riƙa maƙalewa. Talaka ya sake waiwayar coci, coci kuma ya koma gina abin da aka karɓe masa.

Ƙirƙiro Taraba ya mai da Jalingo cibiyar wannan sabon yunƙuri. A 1992 aka zaɓi Done Peter Dabale a matsayin bishop na farko ɗan ƙasa na United Methodist, ya riƙe muƙamin har rasuwarsa a 2006. A zamaninsa ikilisiyar ta bunƙasa ƙwarai, ta ƙulla zumunci da 'yan'uwanta na jihar Iowa ta Amurka, ta ƙarfafa shirin lafiyar karkara da ke Zing, inda ake duba masu ciwon ido, ta buɗe makarantu da gidan marayu a Jalingo, ta kuma ci gaba da horar da fastoci a makarantar Banyam da ke Bambur. Ciwon ido ba ƙaramar magana ba ce a Taraba, domin makantar da ƙudan bakin rafi ke jawowa ta taɓa tayar da ƙauyuka daga ƙasa mai kyau. Tun da kamfanin Merck ya fara ba da maganin Mectizan kyauta a 1987, ƙungiyoyi irin su CBM, wadda Kirista suka kafa a Jamus, da MITOSATH ta nan gida, sun taimaki gwamnati wajen kai shi ƙauyuka ba tare da tambayar addinin kowa ba.

A ranar 3 ga Fabrairu 1995 Fafaroma John Paul na Biyu ya yanke Dayosis ɗin Jalingo daga Yola, ya naɗa Ignatius Ayau Kaigama bishop na farko. Kaigama ɗan Kona ne, garin da igwar Mizon ta rusa shekara ɗari da 'yan kai kafin nan. Bayan an mayar da shi Jos a 2000, ya yi suna wajen neman sulhu: ya ƙulla abota da Sarkin Wase Alhaji Haruna Abdullahi, ya buɗe cibiyar tattaunawa da sasantawa a Jos, da makarantar koyon sana'a a Bokkos inda matasa Musulmi da Kirista ke kwana ɗaki guda. James Daman ya gaje shi a Jalingo, sannan Charles Hammawa tun 2008. A Disamba 2022 aka sake yanke Dayosis ɗin Wukari daga ta Jalingo.

Katolika ta zo da wani abu da ya wuce rabon kayan agaji. Tun bayan babban taron Vatican na Biyu, Fafaroma Paul na Shida ya kafa hukumar adalci da zaman lafiya a 1967, a kan koyarwar cewa talauci sau da yawa ɗan zalunci ne, ba ƙaddara kawai ba. Daga nan kowace dayosis a Nijeriya ta sami hukumarta ta adalci da ci gaba da zaman lafiya, wadda aka sani da JDPC. Irin aikin waɗannan hukumomi shi ne bin kadin wanda ya daɗe a gidan yari ba a yanke masa hukunci ba, sa ido a kan zaɓe, haƙa rijiya, da wayar da kan manoma da mata game da haƙƙinsu.

Sai dai in ana maganar wanda ya fi kusa da talaka a coci, Zumuntar Mata ce. Su ke zuba adashi su ba 'yar'uwa jarin ƙosai ko na daddawa. Su ke kai itace da hatsi gidan gwauruwa, su biya wa maraya kuɗin jarrabawa, su kwana da mai jinya, su yi girkin makoki. Ba su jiran tallafi daga ƙetare. Daga mudun masara da 'yan canjin cefane suke tarawa, kuma babu wata hukuma a jihar da ta kai su sanin gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba.

Lokacin gudun hijira

Tun daga shekarun 1990 rikici ya zama babban mai ƙera talauci a Taraba: Tibi da Jukun a Wukari da Ibi da Donga, Kuteb da Chamba da Jukun a Takum, manoma da makiyaya a Lau da Mambila da wasu wurare. Kowane ɓangare ya yi asarar rayuka da dukiya, Musulmi da Kirista. Manomin da aka ƙone masa rumbu da makiyayin da aka karkashe masa shanu duk sun wayi gari ba su da komai. A 2014 kuma, da Boko Haram ta ci Mubi, dubban mutane suka kwararo kudu, wasu har Jalingo. A tsakiyar 2019 hare-hare suka tashi ƙauyukan Kona da ke gefen birnin, mata da yara suka cika azuzuwan firamare da harabar majami'u. A irin wannan rana, kafin motar hukumar agaji ta iso, baikon ranar Lahadi da tukwanen mata su ke riƙe mutane.

Malaman coci ma ba su tsira ba. A Mayu 2018 'yan bindiga suka afka wa ƙaramar makarantar horar da limamai ta Sacred Heart da ke Jalingo cikin dare, suka raunata limamai da ɗalibai. A ranar 29 ga Agusta 2019 aka tare Fada David Tanko a Kufai Amadu, yana kan hanyar Takum don halartar taron sasanta Tibi da Jukun, aka kashe shi, aka cinna wa motarsa wuta. Bishop Hammawa ya fito ya roƙi jama'a kada kowa ya ɗauki fansa. A maƙwabciya Yola, uwar dayosis ɗin Jalingo, Bishop Stephen Dami Mamza ya riƙe 'yan gudun hijira shekaru a harabar majami'ar St. Theresa, sannan a 2021 ya buɗe musu rukunin gidaje 86 a Sangere Marghi, da makaranta da coci da masallaci, domin akwai Musulmi a cikinsu. Ya sha suka daga wasu mabiyansa, bai fasa ba.

Inda aka gaza

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Cocin da ya koya wa ƙabilu yin sujada da harshe guda, shi kansa ƙabilanci ya sha tsaga shi. A 1973 ikilisiyar Takum ta rabu biyu, Kuteb da yawa suka ware suka kafa wadda ake kira RCCN a yau, kuma a rikice-rikicen da suka biyo baya, waɗanda suka ɗauki makami a ɓangarorin biyu masu zuwa majami'a ne. Haka abin yake tsakanin Tibi da Jukun.

Ta fuskar mulki, duk gwamnonin da aka zaɓa a Taraba tun 1992 Kirista ne, don haka coci ba zai ce ba shi da mai jin maganarsa a gidan gwamnati ba. Na farkonsu, Jolly Nyame, limamin United Methodist ne, ya yi mulki daga 1992 zuwa 1993, ya dawo daga 1999 zuwa 2007. A ranar 30 ga Mayu 2018 wata babbar kotu a Abuja ta same shi da laifin karkatar da kuɗin jihar fiye da naira biliyan ɗaya, ta yanke masa shekara 14. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage zuwa 12, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2020, aka yi masa afuwa a 2022. Kuɗin da ya salwanta na asibiti da makarantar talaka ne. Darasin ya wuce mutum guda: ikilisiyar da ke karɓar babbar kyautar mai mulki ranar bikin godiya, ta ba shi kujerar gaba, da wuya bakinta ya buɗe ranar da albashin malaman firamare da haƙƙin 'yan fansho suka maƙale.

A 2024 kuma United Methodist suka dare. Bayan babban taronsu na duniya a Amurka ya sassauta dokokinsa game da masu auren jinsi, Bishop John Wesley Yohanna ya fice a watan Yuli zuwa Global Methodist tare da mabiya da yawa, waɗanda suka tsaya kuma aka zaɓa musu Ande Emmanuel a Disamba. Saɓanin aƙida ya rikiɗe ya zama jayayya a kan gine-gine da makarantu da filaye, aka shiga kotu, kuma a Munga Dosa ta Karim Lamido an rasa rayuka uku a Disambar wannan shekara, biyu daga ciki ƙananan yara. Dukiyar da ake ja a kai, gumin kakanni ne da suka tara don marayu da marasa lafiya. Ga kuma wata sabuwar matsala: makarantun da coci ya sake ginawa sun yi tsadar da ɗan mai bisharar ƙauye ba ya iya shiga, alhali da baikon iyayensa aka ɗora tubalin. Sannan ga masu wa'azin da ke ce wa talaka ya kawo ɗan abin da ya rage masa don a ninka masa, su azurta, shi ya koma gida hannu rabbana.

Hukuncin tarihi

Babu mai adalcin da zai musanta cewa al'ummu da yawa a Taraba ta ƙofar coci suka fara ganin allo da alli da allura. Wannan aiki ya ɗaga zuriya guda daga bauta da jahilci zuwa aikin malanta da likitanci da shugabanci. Amma kashi 87.7 ɗin nan yana nuna cewa agaji kaɗai ba ya korar talauci. Abin da ke talauta mutumin Taraba a yau sananne ne: rikicin ƙasa da ba a yi masa shari'ar gaskiya, hanyar da ba ta kai doya kasuwa, dukiyar jama'a da ke zurarewa, da matasan da suka gama karatu ba aiki. Annabawan da ake karantawa a majami'a kowace Lahadi, irin su Amos da Ishaya, a kan masu tauye mudu da masu karɓar toshiya a wajen shari'a suka fi ɗaga murya.

Saboda haka kira ga bishop-bishop da fastoci da dattawan ikilisiya na Jalingo shi ne su ware gurabe na kyauta ga 'ya'yan talakawa a makarantunsu, su bayyana wa masu bi yadda ake kashe baiko da zakka, su sasanta rigimar dukiya ba tare da an sake zubar da jini ba, su kuma riƙa tambayar gwamnati ina kasafin asibiti da na makaranta ya shiga, ko da ɗan majami'arsu ne a kan kujera. Su nemi limaman Juma'a da Majalisar Musulmi ta jihar da fadar Sarkin Muri su yi wannan tambaya tare, domin talakan Kona da na Sabon Gari da na rugar Fulani asibiti guda suke bin layi. Masu bi kuma, ku da kuke zuba baikon, haƙƙinku ne ku tambaya, kuma wajibinku ne ku fara da maƙwabcin da ke jikin katangarku, ko wane addini yake bi.